WAIWAYE ADON TAFIYA: ABUBUWAN GANI A HANYAR DA TA RATSA JEGA

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata 'yar magana ce da ɗana ya yaɓa mini a cikin mota. Na je Aliero ɗauko shi daga jami'a da aka ba su hutu, muka kamo hanyar gida wajen Maiyama. Da muka iso Jega muka tarar ranar kasuwa ce, motoci da babura da amalanke sun cushe hanya, sai yaron nan ya yi tsaki ya ce, "Baba, don Allah mu samu mu wuce, garin nan ba abin da ke cikinsa sai ƙura da cunkoso." Ban ce masa uffan ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na tuna ni ma da bakina na taɓa faɗin irinta sama da shekara arba'in da suka wuce, kuma a gaban malaminmu na tarihi.

Waɗanda muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar. Muna darasin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, malam ya rubuta "Gimbana, 1803" a allo, muka kwafe kamar yadda muka saba kwafe Tambutu da Kumasi, wato sunan wani wuri mai nisa da za a haddace saboda jarrabawa. Sai ya ajiye alli ya juyo ya ce, "Gimbanawan ajin nan su ɗaga hannu." Hannuwa suka tashi ta ko'ina, har da na wanda muke zama benci ɗaya da shi. Malam ya ce, "To, ku sauran ku dube su da kyau. Kakannin waɗannan ne aka kamo a Gimbana, kuma a kan kamunsu ne wutar da kuke karantawa ta tashi." Ni kuwa da ƙuruciya na ce, "Malam, in haka ne me ya sa ba a ganin komai a Jega?" Bai yi fushi ba. Ranar Asabar ya sa muka fito da ƙafa, ya bi da mu hanyar garin tun daga wannan baki har gulbi. Abin da ya nuna mana ran nan, da abin da na ƙara sani daga baya, shi nake so in miƙa wa ɗana da 'ya'yanku, tun da ga alama mun yi sakaci ba mu miƙa musu ba.

Hanyar da nake nufi kowa ya san ta. Ita ce babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo Tambuwal da Aliero, ta ratsa Jega, ta haye gulbi ta nufi Maiyama da Koko da Yawuri da Kwantagora, har ta dangana da Ikko. A taswira A1 ake ce mata. Kwalta ce baƙuwa a kanta, amma ita hanyar ta girmi mota, ta girmi Nijeriya kanta.

MU FARA DAGA ALIERO

Duk wanda ya doso Aliero da bazara, hancinsa ne zai fara shaida masa ya iso kafin idonsa. Albasa ce. Ana yafa iri bayan damina ta ja baya, a yi dashe da sanyin hunturu, a yi ta ban ruwa har lokacin cira ya zo da zafin rana. Sa'an nan ne za ka ga buhuna jibge a bakin hanya kamar an gina katanga da su, manyan motoci na lodi zuwa Ikko da Anacha, wasu har ƙasashen maƙwabta. Abin da ya kamata baƙo ya nemi gani a nan shi ne rudu, wato shimfiɗar kara da ake ɗagawa daga ƙasa a zuba albasa a rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsa ta. Manomin da ya iya ajiya shi ke cin riba, domin buhun da ake rabawa da arha ranar cira shi ne ke zama zinariya in damina ta yi nisa. Wanda bai iya ba kuwa, ruɓa ta raba shi da wahalar shekara.

Abu na biyu da Aliero ta yi suna a kai shi ne ɗori. Gadon gida ne, ɗa ya koya wurin uba, kuma ana kawo musu masu karaya da targaɗe daga nesa ƙwarai. 'Yan ajinmu ba za su manta da mai tsaron gidanmu na ƙwallo ba, wanda ya karye a hannu aka kai shi can, ya dawo da karare ɗaure a damtse yana ba mu labarin ihun da ya sha. Hannun ya warke sumul, har ya koma tsaron gida. Duk da haka shawarata ita ce karayar da ta zo da rauni a buɗe a fara kai ta asibiti, a ɗauki hoto, domin su kansu masu ɗorin na kirki haka suke cewa.

Na uku ita ce jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero. Lokacin da muke makaranta, wanda ya samu gurbin jami'a sai ya ɗaure akwati zuwa Sakkwato ko Zariya ko Kano. Yau ga ta a ƙofar gida. Kafin mu bar ƙasar Aliero kuma, ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan wani gari da ke cikinta, wato Sabiyal. Za mu sake haɗuwa da shi a ƙofar fada.

MARARRABA

Daga Aliero zuwa Jega bai kai tafiyar rabin sa'a a mota ba. Abin da za ka fara tararwa shi ne mararraba, inda hanyar Birnin Kebbi ta rabu da ta Yawuri. A nan ne 'yan kamasho ke kiran garuruwa kamar masu karanta taswira da baki, a nan ne mai shayi da mai ƙosai da mai tsire suke kwana ba su rufe ba. Ka samu benci ka zauna, ka sa a haɗa maka shayi, ka kasa kunne. Cikin ɗan lokaci za ka ji Sakkwatanci da Kananci da Fulatanci da Zabarmanci da Yarbanci, wani lokaci har da Faransancin direbobin Nijar da Benin.

Mu da muka yi karatu a tsohuwar Jihar Sakkwato mun ga yadda wannan mararraba ta sake fuska. A da duk wata takarda ta gwamnati sai an nufi Sakkwato da ita. Daga ranar 27 ga Agusta 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Kebbi da hedkwata a Birnin Kebbi, sai ma'aikata suka koma karya kwana a nan. Wanda ya fito daga Yawuri ko Zuru ko Koko zai je babban birnin jiha, galibi ta Jega zai bi. Wannan cunkoso da ya dami ɗana shi ne abu na farko na tarihi da ya kamata ya duba, domin garin tun asali a kan haɗuwar hanyoyi ya rayu.

ƘOFAR FADA

Daga mararraba sai ka bar kwalta ka kutsa cikin tsohon gari, ka tambayi ƙofar fadar Sarkin Kabin Jega, ko yaro ƙarami zai nuna maka. Ka tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, ka gai da dattawan da ke zaune, kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto ba ka nemi izni ba. A nan ne malam ya zaunar da mu a inuwa ya ba mu labarin yadda aka yi garin ya samu.

Malam Abdussalami ɗan Ibrahim Ba'are ne, wato daga cikin Arawa, kuma yana cikin manyan almajiran Shehu da ba Fulani ba. Tun Shehu na zaune a Degel, da matsin sarakunan Gobir ya yi yawa, shi Abdussalami ya kwashi jama'arsa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta faɗa wa Gimbana, ta kashe na kashewa ta kama na kamawa. Da aka zo wucewa da kamammun ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kasa daurewa suka kwance su. Wannan ne ya tsinka igiyar da ta rage tsakanin Shehu da Yunfa. A watan Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, a 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Har nan duk yana cikin littafin da muka karanta. Abin da littafin ya gajarce shi ne abin da ya biyo baya. Da aka raba kula da ƙasa, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi, sai aka ba Abdussalami Sabiyal da 'yan garuruwan da ke kewaye da ita. Shi kuwa ya ga rabon ya yi kaɗan ga mutumin da aka fara zubar da jinin jama'arsa. Saɓani ya shiga tsakaninsa da Gwandu, har Shehu ya mai da shi Kware, arewa da Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilu 1817, da Bello ya zama Sarkin Musulmi, sai abin ya fito fili. An yi ta musayar wasiƙu, kowa na kawo hujjarsa, har Bello ya rubuta littafi sukutum a kan abin da ya gudana tsakaninsu, mai suna Sardul Kalami. Da wasiƙa ta kasa, takobi ya shiga. A farkon 1818 aka ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura.

Ragowar mutanensa suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, aka sake sabon rikici, har sai da Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi gudummawa. A wannan wurin ne ma baffa da ɗa suka daidaita 'yar tsamar da ke tsakaninsu tun bayan rasuwar Shehu. Bayan ƙura ta lafa ne, wajen 1820, Buhari ɗan Abdussalami ya sasanta da Gwandu, aka yarje masa ya zauna da Gimbanawa a bakin gulbi. Wannan zama shi ne Jega. Kada a haɗa shi da Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya riƙe Tambuwal. Suna ne ya zo ɗaya. Sarautar gidan kuma Sarkin Kabi ake ce mata, shi ya sa ake ƙarawa da "na Jega" don a bambanta da na Argungu da na Yabo. Har yau ƙasar tana cikin masarautar Gwandu.

Da malam ya kawo nan sai ya ce mana, "Kun ga, ɗan wanda aka yaƙa ne aka ba wuri ya kafa gari, garin kuma ya zo ya zama kasuwar daular da ta yaƙi ubansa. Jega garin sulhu ne." A lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba. Sai da na girma na ga yadda ƙaramar gaba ke raba zuri'a har jikoki, sa'an nan na gane girman abin da mutanen nan suka yi, da mai bayarwa da mai karɓa.

KASUWA

Daga fada sai kasuwa, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Wanda ya ga kasuwar Jega yau, da hatsi da shinkafa da albasa da busasshen kifi da karar dabbobi, zai ce ta cika. Amma a ƙarshen ƙarni na 19 ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato baki ɗaya, ba na ƙasar Gwandu kaɗai ba.

Babban dalili shi ne goro. A wancan zamani ba a noma goron da Hausawa ke ci a kusa, sai an je Gwanja, wato kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau, inda Asante ke kawo shi daga kurmi. Ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, su ratsa Zamfara su sauka Jega. Daga nan su haye Kwara ta wajen Illo, su bi ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu a Benin ta yau, su wuce Sansanin Mango a Togo, su faɗa Yandi, sai Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Suna tafiya da kanwa da rinannun tufafi da kayan dukanci da dabbobi, har da gabu, wato busasshen ganyen albasa, su dawo da huhunan goro a kan jakuna ana yayyafa musu ruwa ana sake ganye a hanya don kada su bushe. Duk lokacin da na ga motar albasa ta tashi daga Aliero za ta Ghana, sai in tuna cewa albasar ƙasar Hausa ta san wannan hanya tun kafin a ƙera mota.

Ban da goro akwai gishirin Foga, wanda ake dafawa a kwarin Dallol Foga ta wajen Gaya a Nijar ta yau. Akwai Nufawa da Yarbawan Ilori da ke hawowa da tufafi da tsakiya da kayan Turawa daga bakin teku. Akwai Fulani da shanu, da masu dawaki daga arewa. Kowane baƙo yana da fatomansa, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in an yi bashi. Wuri ne kuɗin, ana ƙirga shi a ƙasa.

Yaƙi ma ya taimaka, ko da yake ba a so a faɗa. Daga 1849, da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa a Argungu, kwarin gulbin Kabi ya zama fagen fama tsakaninsu da Gwandu. An samu sararawa da Lafiyar Toga a 1867, amma ba ta ɗore ba, kuma zamanin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, garuruwan Gwandu da dama sun ji jiki. Falke kuwa ba ya son hanyar da ake harbi. Sai ayari suka riƙa karkatowa kudu zuwa gari mai ganuwa da ke bakin ruwa. Turawan kamfanin ciniki na Kwara da suka zo neman yarjejeniya da Sakkwato da Gwandu, Joseph Thomson a 1885 da William Wallace a 1894, ta wannan yanki suka bi, kuma sunan Jega ya shiga rahotanninsu a matsayin matattarar ciniki.

Akwai wani ɓangare na tarihin kasuwar da malam bai ɓoye mana ba, ni ma ba zan ɓoye ba. Cikin hajar da ake kasawa a manyan kasuwannin wancan zamani har da mutane, kuma Jega ba ta fita daga ciki ba. Garin da kakanninsa suka ɗanɗana ɗaurin igiya a hanyar Degel, an zo an sayar da wasu ɗaurarru a cikinsa. Dokar Lugga ta 1901 ce ta hana cinikin bayi ta kuma 'yanta duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, sa'an nan aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Wanda zai yi alfahari da goro da gishiri, ya kamata ya san wannan ma.

Ranar da muka zaga da malam, ya kai mu wurin wani tsoho mai sayar da igiya da akala a gefen kasuwa, wanda ya ce yana yaro ya ga ƙarshen zamanin ayari. Tsohon ya dube ni ya ce, "Kai ɗan wa na?" Na faɗa masa. Ya nuna wani fili da sandarsa ya ce, "Nan inda kuka tsaye, nan ayari ka sabka. In madugu yaz zo, garin ga duk sai ya san ya zo. Mu yara mu ka kai ma jakkai ruwa a ba mu ɓarin goro." Bara na nemi filin, na tarar shaguna ne na bulo. Tsohon kuwa ko wanda ya tuna sunansa ban samu ba.

To, me ya rage wa kasuwar ƙarfi? Abubuwa ne suka taru. Ingilishi sun karya Asante a 1874, Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, aka shata iyakoki, hanyar Gwanja ta koma ratsa ƙasar Faransa da ta Jamus, kowa da kuɗin fitonsa. Sa'an nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo teku zuwa Ikko a ɗora shi a tarago, daga baya ma Yarbawa suka shiga nomansa. Reshen dogon da ya nufo yamma a Ƙaurar Namoda ya tsaya a 1929, bai ƙaraso nan ba. Abin da jaki ke kaiwa a wata uku, jirgi ya kai shi a kwana uku. Sai da zamanin mota ya zo aka shimfiɗa kwalta, sa'an nan hanyar ta sake farfaɗowa.

Duk da haka wanda ya iya dubawa zai ga sauran zamanin da. Ka je layin 'yan goro ka ga yadda ake kwance huhu ana tsince na daushe da sabo. Ka je wurin 'yan kanwa da gishiri. Ka tsaya wurin maƙera da dukawa da masu sassaƙa turmi. Ka shiga kara ka ga dillali ya kama hannun mai saye ana ciniki, har a kai ga "Allah ya ba da sa'a." Waɗannan duka ba wani abin da ya sake a cikinsu sai kuɗin da ake biya.

BAKIN GULBI

Daga kasuwa sai a gangara gada. Wannan ruwa shi ne gulbin Zamfara, wanda tsofaffin taswirori ke kira gulbin Gindi. Ya biyo ta Gummi ya zo nan, ya wuce ya haɗu da gulbin Kabi, su tafi tare su faɗa Kwara. Kafin a yi gada, da damina sai an yi fito da jirgin ruwa, mutum da jaki da kaya, kuma in ruwa ya cika jirage kan hawo da kaya daga Kwara. Wannan shi ne dalili na biyu da ya sa Buhari bai yi kuskuren wurin zama ba.

Lokacin da ya fi daɗin zuwa shi ne da sassafe ko bayan la'asar. Za ka ga masunta da gora da homa da taru, irin kayan da ake fita da su a bikin kamun kifi na Argungu, amma a nan neman abinci ake yi da su. Ka sayi tarwaɗa ko karfasa ɗanya a hannun mai ita, ko ka sa a soya maka a ci da yaji. In ka ɗaga ido kuma fadama ce shimfiɗe, shinkafa da rani da damina. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, injinan ban ruwa suka yawaita a wannan kwari. Amma gulbin da ke bayarwa shi ke karɓewa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 da ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Gargaɗi ɗaya: kada a tsaya hira a kan gadar kanta, manyan motoci ba su da ta ido.

MAIYAMA

Da ka haye gada ka miƙe kudu, ba da jimawa ba sai Maiyama. A nan hayaniya ta ragu, ƙasar noma ce, gero da dawa a tudu, shinkafa da kayan lambu a fadama. Garuruwanta irin su Andarai da Mungadi da Sambawa da Karaye suna cikin masu cika kasuwar Jega da hatsi, kuma da yawa daga cikinmu daga irin waɗannan garuruwa aka kawo mu makaranta da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuliƙuli. Kasuwa ba ta ci sai da ƙauye a bayanta. A nan nake tsayawa in sha fura, in dubi hanyar ta miƙe zuwa Koko da Yawuri, in tuna cewa ta nan Nufawa da Yarbawa da Turawan farko suka ɓullo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Yau in ka ambaci Jega a Ikko ko Fatakwal, abin da za a tuna shi ne Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Abin alfahari ne. Amma kaɗan ne suka san cewa sunan ya kai Salaga shekara ɗari kafin wannan, a bakin fatake.

Hutun da ya biyo baya na sa ɗana ya ajiye waya muka bi hanyar nan da ƙafa, daga mararraba zuwa fada, daga fada zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa gulbi. Da muka zauna cin kifi ya ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?" Ban sami amsa ba. Malaminmu ya ba da Asabar ɗinsa ba a biya shi ko kwabo ba, ni kuwa na riƙe abin shekara arba'in ban ba ɗan cikina ba.

Saboda haka ina da roƙo ga 'yan uwa. In mun taru taronmu na gaba, mu ware safiya ɗaya mu bi wannan hanya tare da ɗaliban da ke makarantar yanzu. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. Wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida, a Jega ko Aliero ko Maiyama, ya zauna da su ya tambaye su sunayen ƙofofin gari, da inda ganuwa ta bi, da inda zango yake, da gidajen fatoma, da yadda ake fito kafin gada. Abin da muka tara a rubuta shi a ajiye a laburaren makaranta. Tsohon mai igiya ya tafi da nasa, kada mu bari na sauran ya bi shi.

Inda na yi kuskure, malamanmu da Gimbanawan ajinmu su gyara mini, dama sun saba. Allah ya jiƙan malaminmu na tarihi, ya sa Asabar ɗin nan tana cikin mizaninsa. Allah ya bar zumunci, amin.